Gida 36, shari'ar shekara 30

A cikin watan Oktoba na shekarar 1970, magajin garin Mount Laurel, wani ƙaramin gari na jahar New Jersey a ƙasar Amurka, ya shiga wata tsohuwar majami'a ta baƙar fata da ake kira Jacob's Chapel domin ya ba da amsar wata buƙata da aka gabatar wa hukumarsa. Buƙatar ba mai girma ba ce. Mutanen wurin sun nemi a ba su izinin gina gidajen haya 36, masu arha, a kan wani fili da suka samu, kuma ba daga aljihun hukumar garin kuɗin ginin zai fito ba. Magajin garin, Bill Haines, ya miƙe tsaye ya shaida musu cewa majalisa ba za ta yarda ba, sa'an nan ya ƙara da maganar da har yau ba a manta da ita ba: in dai ba su da ƙarfin zama a garin, to sai su tattara su bar shi.

Waɗanda aka gaya wa wannan magana ba baƙi ba ne. Kakannin wasu daga cikinsu suna zaune a yankin tun kafin Amurka ta samu ƴancin kanta, wasu kuma jikokin bayi ne da suka gudo daga kudu suka samu mafaka a nan. Yawancinsu ƴan ƙodago ne a gonakin Turawa, da masu aikin gida, da ƙananan ma'aikata. A unguwar Springville akwai iyalan da ke kwana cikin tsofaffin akurkin kaji da aka ɗan gyara aka mayar ɗakunan mutane, ba ruwan famfo, ba makewayi na kirki. Hukumar gari ta san da haka sarai, amma abin da ta tsara shi ne ta jira har gida ya lalace, ta ce bai dace da zaman ɗan Adam ba, ta rushe shi, mai shi kuma ya san inda dare ya yi masa.

Sai an dubi abin da ya faru da garin a shekarun da suka gabata kafin a fahimci inda taurin kan ya fito. A 1950 Mount Laurel ƙauyen manoma ne, mutanensa ba su cika dubu 3 ba. Da aka buɗe babbar hanyar mota ta jahar a 1951, aka yi mata mashiga a daidai garin, sai gonaki suka zama zinariya. Ma'aikatan da ke da hali a Filadelfiya da Camden suka fara ƙaura daga cikin birni zuwa bayan gari, inda iska take da kyau kuma makaranta take da inganci. A 1960 mutanen garin sun haura dubu 5, a 1970 sun haura dubu 11. Masu gonaki suka saida, ƴan kasuwar gini suka yanka filaye, aka cika wuri da gidaje masu lambu da garejin mota. Ba gini garin ya ƙi ba, domin kuwa ba a taɓa gini a cikinsa kamar lokacin ba. Wanda zai shiga gidan ne ake zaɓe.

Makamin zaɓen kuwa takarda ce, wato dokar tsarin filaye. A Amurka jaha ce ke ba kowane gari ikon ya faɗi abin da za a gina a kowane yanki nasa, kuma Mount Laurel ya yi amfani da ikon nan da wayo. A duk inda aka keɓe domin zama, gida guda na iyali guda kaɗai aka halatta, tsaye shi kaɗai a tsakiyar filinsa. Gidan bene mai ɗakunan haya haramun ne, gidajen da ke jingine da juna haramun ne. A babban ɓangaren garin ba a yanka fili ƙasa da murabba'in mita kusan 1,900, abin da a lotisma irin ta Yamai ko Maraɗi zai ba da fili huɗu ko biyar. Bayan haka an ɗebe kusan kashi 30 cikin 100 na ƙasar garin, hekta fiye da 1,600, aka ce na masana'antu ne, alhali masana'antun da ke wurin ba su ci fiye da hekta 40 ba. Sauran yana nan kwance, ba mai ikon aza bulo a kansa. Babu inda dokar ta ambaci talaka ko baƙar fata, ba ta ma da bukatar ambatonsu. Wanda ya ce ba a shiga kasuwarsa sai da raƙumi, ai ya gama magana da mai jaki.

Inda aka ɗan sassauta wa manyan kamfanonin gini suka yi gidajen haya, an ɗaure su da sharuɗɗan da ke tona asirin niyyar. An ƙayyade yawan ɗakunan kwana domin kada mai iyali ya samu wurin shiga, an kuma rubuta cewa in yaran makaranta da ke fitowa daga gidajen suka wuce wani adadi, kamfanin ne zai biya kuɗin karatunsu. A nan ne gaskiyar al'amarin take, kuma adalci ne a faɗe ta. A New Jersey mafi yawan kuɗin makarantun gwamnati daga lanhon gidaje da filaye na garin yake fitowa. Babban gida mai yara biyu yana kawo wa baitulmalin gari fiye da abin da yake ci. Ƙaramin ɗakin haya mai yara biyar yana ci fiye da abin da yake kawowa. Kowane magajin gari ya iya wannan lissafi, kuma masu zaɓensa sun fi shi iyawa. Ga ma'aikacin da ya ci bashin banki na shekara 30 ya sayi gida, gidan nan shi ne garkensa, shi ne rumbunsa, shi ne abin da zai bar wa ƴaƴansa. Duk abin da aka ce masa zai rage darajar gidan, ko ya ƙara masa lanho, zai tashi tsaye a kansa. Tsoron nasa ba na banza ba ne gaba ɗaya. Abin tambaya shi ne ko tsoron mutum ya isa ya zama dokar da za ta kori maƙwabcinsa.

Cikin waɗanda suka ji maganar magajin gari akwai wata mata mai suna Ethel Lawrence, malamar gidan renon yara, haifaffiyar wurin, wadda danginta suka yi zuriya bayan zuriya a garin. Ita ba cikin akurki take zaune ba, tana da gidanta. Abin da ya dame ta shi ne ƴaƴanta da ƴaƴan maƙwabta, waɗanda suka girma suka yi aure amma ba su da inda za su zauna a garin haihuwarsu, sai dai su nufi Camden, birnin da masana'antunsa ke rufewa, unguwanninsa ke mutuwa. Ta haɗu da wasu matasan lauyoyi na ofishin da ke kare marasa ƙarfi kyauta a Camden, Carl Bisgaier da Kenneth Meiser da Peter O'Connor, kuma a 1971 suka shigar da ƙara tare da rassan ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata. Ta sha zagi da barazana saboda sunanta da ke kan takardar.

A 1972 alƙalin farko ya ba su gaskiya. Garin ya ɗaukaka ƙara, kuma ranar 24 ga watan Maris na 1975 kotun ƙolin jahar ta yanke hukuncin da ya sa sunan Mount Laurel ya shiga littattafan shari'a. Mai shari'a Frederick Hall ne ya rubuta shi. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma ba a kan launin fata ya kafa ta ba. Ikon tsara filaye, in ji kotun, na jaha ne, aro ta ba gari. Tsarin mulkin jahar ya ce a yi amfani da irin wannan iko domin amfanin jama'a baki ɗaya, jama'a kuwa ba su ƙare a iyakar gari ba. Saboda haka duk garin da ke bunƙasa wajibi ne ya buɗe hanyar da za a iya gina rabonsa na gidajen masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita na yankin. Kotun ta kuma ce a fili ba a yarda gari ya yi katanga da dokar filaye domin kawai ya rage wa kansa lanho ba. Kotun ƙolin tarayya ta ƙi sauraren ƙarar da garin ya kai mata.

Mai karatu da ya saba da aikin hukuma ya san cewa samun hukunci daban, ganin aikinsa daban. Majalisar Mount Laurel ta karɓi hukuncin da hannu biyu, ta zauna ta gyara dokarta, ta keɓe wurare uku domin gidajen talakawa. Jimillarsu wajen hekta 8 ne a garin da ya kai murabba'in kilomita 57, kuma an zaɓe su ne da kyau: wani cikin fadama, wani a inda ake shirin shimfiɗa layin jirgin ƙasa. Sauran garuruwan jahar suka ga abin da aka yi suka kwaikwaya. Shekara takwas aka yi ana kai da komo tsakanin lauyoyi da masana tsarin gari, ana cika akwatuna da takardu, ba a aza harsashin ɗaki ko guda ba.

A 1983 kotun ƙolin ta sake zama a kan maganar, wannan karo a fusace. Shugabanta, Robert Wilentz, ya rubuta hukunci mai tsawon gaske, inda ya nuna cewa an mai da umurnin farko abin wasa. Ya naɗa alƙalai uku su riƙa duba irin waɗannan ƙararraki a duk faɗin jahar, ya kuma ƙirƙiro wata dabara da ta girgiza masu unguwanni. In gari ya ƙi sauke nauyinsa, ɗan kasuwar gini yana iya kai shi ƙara, kuma in ya yi nasara kotu za ta ba shi izinin gina gidaje da yawa fiye da abin da dokar garin ta yarda, muddin ya keɓe wani kashi, galibi gida ɗaya cikin biyar, ga masu ƙaramin ƙarfi. Wato kotun ta gane cewa talaka ba ya da kuɗin shari'ar shekara goma, amma ɗan kasuwa yana da su, in dai akwai riba a ƙarshen hanya. Ta ɗaure kwaɗayin mai kuɗi a gaban amalanken marar kuɗi. Ƙararraki suka yi ta zuba, magadan gari suka yi ta kururuwa, har gwamnan jahar na lokacin, Thomas Kean, ya kwatanta abin da kwaminisanci.

Ƴan siyasa suka shiga tsakani. A 1985 majalisar dokokin jahar ta yi dokar da ta cire maganar daga hannun alƙalai ta miƙa wa wata hukuma da ake kira COAH, wadda za ta riƙa lissafa rabon kowane gari, ta kuma ba wanda ya bi tsari kariya daga ƙarar ƴan kasuwa. Sai dai an bar wata ƙofa a bayan gida. Dokar ta yarda gari mai arziki ya biya wani gari kuɗi domin ya ɗauke masa har rabin nauyinsa. Su wa za su karɓa? Biranen da talauci ya riga ya yi wa katutu, irin su Camden da Trenton da Newark, waɗanda baitulmalinsu ya bushe. Kuɗin ya gyara gidaje da dama a can, ba a musu. Amma ma'anar cinikin ita ce mai hali ya biya domin talaka ya tsaya inda yake, nesa da makarantar kirki da wuraren da aiki yake. Shekara 23 aka yi ana wannan ciniki kafin a soke shi a 2008, zamanin gwamna Jon Corzine.

Ba Amurkawa kaɗai suka iya wannan ba. A Faransa dokar da aka yi a watan Disamba na 2000 ta wajabta wa manyan garuruwa su kai kashi 20 cikin 100 na gidajen haya masu rangwame, aka ɗaga zuwa 25 a 2013, amma har yanzu akwai garuruwan masu kuɗi, irin su Neuilly a gefen Paris, da suka yi nisa da adadin, kuma da yawansu sun gwammace su biya tara kowace shekara da su ga an gina.

Ethel Lawrence ta rasu a 1994, shekara 24 bayan taron majami'a, ba ta ga ko tubali guda na gidajen da ta nema ba. Sai a 1997 ne maganar filin ta iso gaban kwamitin tsara gari na Mount Laurel, kuma zaman ya yi zafi. Ɗaruruwan mutane suka cika zauren, da yawansu tsofaffi ne ƴan ritaya na wata unguwa da ke kusa, waɗanda su kansu ba su daɗe da zuwa garin ba. Suka ce za a kawo musu ɓarayi da masu saida ƙwaya daga Camden, lanho zai hau, darajar gidajensu za ta faɗi, hanya za ta cushe. Kwamitin dai ya sa hannu, domin ba ya da wata mafita a gaban doka. A ƙarshen shekarar 2000 iyalai na farko suka shiga gida 100 da aka gina a kan hekta 25, aka ƙara 40 bayan ƴan shekaru. Aka sa wa unguwar sunan marigayiyar.

Abin da ya sa wannan labari ya fi sauran irinsa amfani shi ne an koma an auna. Wani malamin jami'ar Princeton, Douglas Massey, da abokan aikinsa sun bi diddigin unguwar, suka fitar da sakamakon a 2013. Sun kwatanta Mount Laurel da garuruwa uku na kusa masu kama da shi waɗanda ba a yi musu irin wannan gini ba, wato Cherry Hill da Cinnaminson da Evesham. Ba su ga wani bambanci ba a yawan laifuffuka, ko a farashin gidaje, ko a lanho. Cikin maƙwabtan da aka tambaya ma akwai waɗanda ba su san cewa gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne ke kusa da su ba. Sa'an nan suka kwatanta waɗanda suka samu shiga da waɗanda suka nema amma ba su samu ba tukuna. Na cikin unguwar sun fi samun aiki, abin da suke samu ya fi yawa, hankalinsu ya fi kwanciya domin sun rabu da tashin hankalin titi, ƴaƴansu kuma sun fi ba karatu lokaci.

Kada a ɗauka abin ya zo haka nan. An gina gidajen da fasali irin na unguwannin da ke kewaye, ba dogayen benaye ba. An cakuɗa masu ƙaramin ƙarfi sosai da masu matsakaicin albashi. Ƙungiyar Peter O'Connor, ɗaya daga cikin lauyoyin nan na 1971, ita ce ta gina kuma take kula da wurin, tana tantance masu shiga, tana sa ido, tana da ma'aikata a cikin unguwar da wurin karatun yara bayan an tashi makaranta. Wanda ya zuba gidaje dubu a bayan gari ya juya baya, bai kamata ya jira irin wannan sakamako ba. Amma abubuwa ukun da aka yi shekara 30 ana tsoratar da mutane da su, babu wanda ya auku.

Duk da haka gardamar ba ta mutu ba, domin ba a kan hujja take tsaye ba tun farko. Daga 1999 hukumar COAH ta kasa fitar da ƙa'idojin da kotu za ta amince da su. Gwamna Chris Christie ya yi ƙoƙarin rushe ta, kotu ta hana shi, ita kuma hukumar ta zauna ba ta aiki. A watan Maris na 2015 kotun ƙolin ta ce haƙuri ya ƙare, ta maido da maganar hannun alƙalai, kuma cikin ƴan shekaru garuruwa fiye da 300 suka sasanta a kan adadin da za su ba da hanyar ginawa. Tun daga 1975 zuwa yau dubun-dubatar gidaje masu arha aka gina a jahar albarkacin ƙarar da aka fara a kan gida 36, ko da yake New Jersey tana nan cikin jahohin da haya ta fi tsada a Amurka, kuma malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti suna shan wuya kafin su samu ɗaki a garin da suke aiki.

A watan Maris na 2024 gwamna Phil Murphy ya sa hannu a sabuwar doka da ta soke COAH gaba ɗaya, ta kafa hanyar lissafi da wa'adin da kowane gari zai bi. Lissafin da gwamnatin jahar ta fitar a wannan shekarar ya nuna ana bukatar sababbin gidaje masu arha fiye da dubu 80 tsakanin 2025 da 2035. Kafin shekarar ta ƙare, wasu garuruwan bayan birni, da Montvale a kan gaba, sun haɗa kuɗi sun ɗauki lauyoyi sun kai ƙara domin a dakatar da dokar.